Gadon Tamfol na Makarantar Dogon Marke

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya yi boko kyauta, kuɗin mai sun yi wa ƙasa yawa har an rasa inda za a sa su. Mu ma a Dogon Marke, can bayan Ruwan Godiya, inda ko mai tallan gishiri sai ya yi shawara kafin ya shigo, sai da rabonmu ya iso. Wata safiya akori-kura ta tsaya a gaban makaranta aka yi ta sauke kaya: jajayen bokitai na zuba yashi saboda gobara, farin akwati cike da bandeji da aidin da auduga da almakashi, ga usur, ga bargo mai kauri. Kayan ko-ta-kwana ke nan, in ji hedimastanmu Malam Lawwali, wanda ya yi ta shafa su kamar kayan lefensa. Daga ƙarshe aka zaro wani dogon abu aka warware. Koren tamfol ne a tsakanin sanduna biyu, da mariƙi gaba da baya, na ɗaukar wanda ya ji ciwo.

Ni ce Tabita, malamar 'yan aji ɗaya. Daga wajen Sabuwa aka turo ni bayan ɗan gajeren kwas, aka sauke ni a gidan Inna Larai da ke jingine da dangar makaranta. Ni Kirista, ita Musulma, tuwonmu tukunya ɗaya, faɗanmu kuwa kullum, don daga ni har ita babu mai barin ta kwana.

Ita ce ta leƙo ta saman danga ran nan, ta ƙare wa tamfol ɗin kallo, ta ce, "Wagga ai makara ce."

"Haba Inna," in ji Malam Lawwali, "gadon ɗaukar mara lafiya ne. Bari ma ki gani." Ya fara tattare riga zai kwanta.

"Kul! Kada ka soma, Malam! Kana da iyali. Mutanen da sunka aiko makara wurin yara ƙanana, mi suke jira?"

Kafin azahar maganar ta gama gari. Duk ranar da hedimasta ya ce za a koyi taimakon gaggawa, ba a samun yaron da zai yarda ya kwanta, ko da an yi masa alkawarin alewa. Bokitai dai sun yi farin jini, aidin ma har manya na zuwa a ɗiga musu a kaushi. Gadon tamfol kuwa aka jingine shi bayan ƙofar ofis, yara na wuce wurin da gudu.

Na yi wa Inna Larai dariya har na gaji, amma na san abin da ke cin ta. Babbar 'yarta wurin haihuwa ta rasu. Ga shi yanzu autarta Zulaihatu ta dawo gida goyon ciki, cikin fari. Zulai ƙawata ce, tabarma ɗaya muke kwana, ita ke yi mini kitso tana tsokanata wai kaina ya fi ƙwaryar fura girma.

Naƙuda ta kama ta a tsakiyar damina. Aka wuni, aka kwana, gari ya sake wayewa, shiru. Baba Suwaibatu ungozoma ta ba da jiƙo, an sha rubutu, an yi duk abin da aka sani. Da hantsi ta fito daga ɗakin tana share zufa, ta ce abin da ban taɓa jin ta faɗa ba: "A tahi da ita asibiti. Kwanciyar ɗan ba daidai take ba."

To da me? Rafi ya kawo, mota ba ta shigowa sai kaka. Bakin titin Funtuwa, inda ake samun mota, tafiya ce mai ɗan nisa ta cikin gonaki. Mai naƙuda ba ta hawa jaki, balle keken mijinta Ɗanliti, wanda ya taso tun daga Ketare ya tsaya a bayan zaure yana murza hula, kunyar surukai ta hana shi ko ɗaga ido.

Ban yi shawara da kowa ba. Na tsallake danga, na bar 'yan ajina da baki buɗe, na sunkuyo gadon tamfol da bargo na shigo da su tsakar gida.

Inna Larai ta tare ƙofar ɗaki da hannu biyu. "Ba a ɗora mani ɗiya bisa abin ga da ranta."

"Inna, da ranta ɗin nake so a ɗora ta! In kika tsaya nan, ta gaskiyar za a kawo."

Maganar ta yi zafi, na sani, kuma ko yau aka sake haka zan faɗa. Ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni. Sai muka ji muryar Zulai daga ciki, can ƙasa-ƙasa: "Inna, ku bari. Na gaji." Hannun ya sauka a hankali, ta kauce daga ƙofar.

Maza huɗu suka kama: Malam Lawwali da usur a wuya, Ɗanliti, da maƙwabta biyu. Zulai da ta ga maza a kanta, har da hedimasta, kunya ta rufe ta. Ta ja bargon nan tun daga yatsun ƙafa har saman kai, ta miƙe sambal, ta datse haƙora. Mai haihuwar fari a wurinmu ba ta ihu, ko za ta mutu. Ba su yi nisa ba hannuwa suka gaji, sai suka ɗaga gadon suka saɓa a kafaɗa, suka ƙara sauri.

Mu mata rafi ne ya tsare mu. Ga akwatin magani a kaina, ga Inna Larai da ciwon gwiwa, ga Baba Suwaibatu da ta rantse ruwan zai tafi da ita. Sai da na haye na ajiye akwati, na dawo na goya ungozoma, na sake dawowa na jawo Inna. Kafin mu matse zannuwa maza sun ɓace cikin dawa.

Abin da ya faru a gaba daga baya na ji shi, daga bakin mutane da yawa, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Hanyar ta ratsa gonakin mutanen Tudun Gide, suna tsakar noman maimai. Manomin farko ya ɗago, ya ga maza huɗu da dogon abu a kafaɗa, a lulluɓe, babu mai magana, babu mace a bayansu, ɗaya kuma hawaye na zuba. Me kake so ya ce? Ya ajiye fartanya, ya yi salati, ya bi baya. Na gaba da shi ma haka. Ka san gawa ba a barin mutum huɗu da ita, kowa so yake ya sa kafaɗa ya sami lada. Wannan ya karɓi Malam Lawwali, wancan ya karɓi Ɗanliti, can aka karɓi maƙwabtanmu, su kuwa da numfashi ya ƙare musu suka saki da godiya.

Malam Lawwali har daɗi ya ji. Ya koma baya yana haki yana goge tabarau, yana faɗa a ransa cewa ga shi jama'a sun waye, sun rungumi kayan gwamnati. Ɗanliti kuwa wani dattijo ya dafa shi ya tambaye shi wace ce. Yaro ya buɗe baki a gaban sa'an ubansa ya ce matarsa ke naƙuda? Ya kasa. Sunanta kawai ya iya faɗa, sai kuka ya ƙwace masa, irin kukan da babba ba ya yi a gaban mutane. Dattijo ya ce, "Yi haƙuri, ɗana, Allah shi jiƙan ta." Ɗanliti da ya ji haka ya ɗauka wani abu ya faru da bai gani ba, ya ƙara rushewa.

Aka tura a kira Liman Almu na Tudun Gide, ya yi alwala ya fito da carbinsa. Jama'a ta yi ta ƙaruwa. A inda hanya ta rabu biyu, hagu titi, dama maƙabartar da garuruwan biyu ke binne mutanensu, na gaba suka karya dama.

Nan ne Malam Lawwali ya farga. Yana can ƙarshen layi, ya yi ta kiran "Ba nan ba! Ba nan ba!" salati ya danne muryarsa. Sai ya tuna da usur. Ya busa iya ƙarfinsa. Mutane suka waiwayo suka watsa masa harara, wani ya ce, "Ku ji 'yan boko, ko gawa ba su ganin girmanta." Biyu suka riƙe shi suna ba shi haƙuri, a zatonsu baƙin ciki ne ya taɓa shi.

A haka na iske su. Na fito daga cikin dawa da akwati a ka, na hangi taron maza sun nufi kushewa da koren tamfol a sama. Na ce shi ke nan, ta tafi ban riƙe hannunta ba. Sai na ga bargon ya motsa, wata 'yar ƙafa ta leƙo ta koma.

Ban san lokacin da na kutsa cikinsu ba. Mace a tsakiyar masu jana'iza, ba kallabi, zane a jiƙe, ina ture dattawa da akwatin gwamnati. "Ku sauke ta! Wa ya ce maku ta mutu? Haihuwa za ta yi! Zulai, don Allah buɗe baki ki yi magana, yau ba ranar kunya ba ce!"

Zulai ta yaye bargo ta ƙwalla ƙarar da ta riƙe tun jiya.

Na ga gudu a rayuwata, amma ban ga irin na ran nan ba. Wani ya bar takalmi, wani ya faɗa kunyar gyaɗa, wani ƙato ya haye ɗorawa. Allah ya taimaka huɗun da ke ɗauke da ita tsoro ya sandarar da su, ba su sake ta ba. Na sa suka sauke ta a inuwar ɗorawar, na ce wa na sama ya diro ya ba mu wuri.

Inna Larai da Baba Suwaibatu suka iso suna ɗingishi. Ungozoma ta taɓa cikin, ta dube ni, ta ce, "Ya juya. Ko jijjigar ce, ko tsoron, ni dai ban sani ba. Ba inda za a tahi, ga kai nan." Matan da ke aiki a gonakin kusa, yawancinsu danginmu Maguzawa, suka sheƙo, suka kwance mayafai da majanyu suka kewaye mu. Maza suka koma nesa suka juya baya, Liman Almu a gabansu. Mutumin da ya fito sallar gawa sai ga shi yana jan addu'ar sauka lafiya, suna amsawa da amin mai ƙarfi, har da wanda ya bar takalmi.

Na buɗe akwati. Almakashin da Malam Lawwali ke hana kowa taɓawa na goge da aidin na miƙa. Zulai ta durƙusa a kan tamfol ta riƙe wuyana har na ga taurari. Can sai ga 'ya ta faɗo, mace, shiru ba motsi. Ba na son tuna wannan shirun. Baba Suwaibatu ta share mata baki, ta juya ta, ta murza bayanta, ta sake murzawa. Sai 'yar nan ta tsuke fuska ta tsala kuka.

Inna Larai ta rangaɗa guɗa a bakin maƙabarta, abin da ba a taɓa yi ba, kuma babu wanda ya ce mata don me. Ni kuka nake ina dariya, majina har haɓa. Aka naɗe jaririya a kallabin wata, aka miƙa wa Liman. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya yi mata kiran salla a kunne. Da ya gama ya ce, "Na raka mata da yawa ta hanyar ga. Yau ce rana ta hwarko da zan koma gida ina murna."

Malam Lawwali ya dage sai an ƙarasa asibiti a duba su, wannan karon kuwa ba wanda ya musa masa. Rigima ma ta koma kan wa zai ɗauka, kowa na cewa shi ya fara sa kafaɗa. Na ce duk wanda ya kuskura ya saɓa a kafaɗa ni da shi ne, a hannu za a riƙe, fuskarta a buɗe.

Muna tafe ina gefenta, jaririya a ƙirjinta, mata na waƙa a baya, Zulai ta jawo hannuna. Muryarta ta dushe, amma idanun nan na tsokana sun dawo.

"Tabita, duk ina jin su. Wani ya ce ban taɓa wuce shi ban gaishe shi ba. Ni ko sanin shi ban yi ba."

"To da kika ji an nufi kushewa, me ya hana ki magana?"

"Na so in yi." Ta saci kallon Ɗanliti, wanda ke riƙe da sandar wajen ƙafafunta, idanu jajur, ya kasa daina murmushi. Ta rage murya. "Kukan shi nike saurare. Ashe haka shike sona? Ko da wasa bai taɓa hwaɗa mani ba."

Ta saki hannuna ta gyara wa 'yarta kallabi, muka ci gaba da tafiya zuwa titi.