Buhu Ashirin na Malam Iliyasu

"Nawa buhu jiya a Bunkure?"

Da wannan Malam Iliyasu ya tari maƙwabcinsa Alhaji Hamma, tun kafin ya gama amsa sallama. Iliyasu na jingine da matashi biyu a soron gidansa a Kura, ƙafafunsa sun kumbura, ga butar alwala kusa da hannu. Mako uku ke nan da aka sallamo shi daga asibiti a Kano, irin sallamar da likita ke yi yana kallon ƙasa.

Hamma ya zauna bakin tabarma ya ce farashi dai yana nan inda yake, ko gezau.

"Zai faɗi," in ji Iliyasu. "Abin tsoron kada in riga shi."

Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakaninsu. Hamma ɗan kasuwar shanshera ne, wato shinkafar da ba a casa ba. Bai taɓa zama a aji ba, ba ya kuma riƙe littafi, amma ka tambaye shi wanda ya auna wa mudu bakwai shekara goma da suka wuce, zai gaya maka har kalar rigarsa. Shi kuwa Iliyasu a banki ya ƙare ƙuruciyarsa, yana kula da wata kwamfuta da a cewarsa ta cika ɗaki guda, ana busa mata sanyi dare da rana alhali manaja na sharce gumi. Don haka ya laƙaba wa Hamma suna Babbar Kwamfuta: tana da nauyin tashi, sai an ajiye ta a inuwar mangwaro, amma abin da ya shiga ba ya ɓata.

Ƙananan kwamfutoci kuwa bai taɓa ganinsu da gashi ba. Cewa yake tasu ta banki in ka ba ta aiki da yamma, da safe ka tarar ta gama ba ƙorafi. Ta yaran yanzu kullum sai ta ce a dakata manhajarta na canza riga, in ta yi fushi kuma a kashe a sake kunnawa, kamar injin ban-ruwa na haya. Ɗansa Fatihu ya taɓa ce masa wayar aljihunsa ta fi wancan ɗakin nasu ƙarfi sau dubu. Iliyasu ya ce ya yarda, amma tasu kafin ta yi ɓarna sai mutum bakwai sun sa hannu.

Fatihun ne ya jawo maganar buhuna. Tsakiyar damina ya tattara kuɗin abokansa ya shiga cinikin hannun jari na ƙasar waje ta kwamfutar cinya. Dabarar, kamar yadda Iliyasu ya warware wa Hamma, ita ce ka ranci hannun jarin wani ka sayar yana da tsada, ka jira ya faɗi, ka sayo da araha ka mayar wa mai shi, rarar taka ce. Na Fatihu bai faɗi ba, sama ya yi, ya tafi da kuɗin mutane kafin shayi ya huce.

Hamma ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, kakarsa ta yi da gero.

Nan Iliyasu ya kama shi. Ya ce to ya ranta masa shanshera buhu ashirin daga sito, yanzu da take tsada. Zai sayar, ya cire kashi ɗaya cikin uku ya wanke yaron, sauran ya ba matarsa Indo ta ɓoye. In kaka ta yi farashi ya karye, ya sayo ashirin ya mayar. Yaro ya yi a ƙaramar kwamfuta ya sha ƙasa, shi zai yi a babba. Hamma ya juya maganar kwana biyu, sannan ya buɗe sito, ya ba shi busasshiya ta bara, wadda in ka ciza take ƙas.

Sai ciwo ya shigo tsakani. Iliyasu bai damu da allura ba, bai damu da kabari ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne a tsaya kan gawarsa liman ya tambayi masu bin bashi, a ce ga buhu ashirin a wuyansa. Hamma ya ce ya yafe, sau biyu yana faɗa. Iliyasu ya ƙi. Ya ce shi ba sadaka ya roƙa ba, ciniki ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Daidai ɗin ne kuwa. Cikin kwana goma aka shiga yanka daga Kadawa har Bunkure, sabuwar shinkafa ta cika kasuwa, farashi ya zube kamar an tsinke masa igiya. Ran Laraba Iliyasu ya daina karɓar ko kunu. Indo ta ciro ƙullin kuɗin daga ƙasan adaka ta damƙa wa Fatihu, ta ce kada ya tsaya taya kowa.

Bayan azahar a-kori-kura ta tsaya ƙofar siton Hamma. Fatihu ya sauko yana haki.

"Baba Hamma, ga su nan, ashirin cif. A ƙirga."

Hamma bai ƙirga ba. Ya farke bakin buhu ɗaya, ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya ji ɗumi. Ya ciro ƙwaya ya ciza. Ba ta yi ƙara ba. Yankan shekaranjiya ce, ruwan gona bai sake ta ba. Duk wanda ya taɓa shanya shanshera ya san ashirin irin wannan in ta sha rana sha bakwai take komawa. Shi ya sa take araha. Uba da ɗa, kowa da kwamfutarsa, buhu suka ƙirga, ba wanda ya ƙirga ruwa.

Hamma mutum ne da ya taɓa mayar da mota guda daga Dawakin Kudu saboda tsakuwa a mudu ɗaya. Ya tsaya da ƙwayar a bakinsa, yana kallon yaron da idanunsa suka yi ja. Sannan ya haɗiye, ya ce a shigar.

Ya tarar da Iliyasu idanu a rufe, Indo na yi masa fifita daga bayan labule. Ya durƙusa kusa da kunnensa.

"Ɗan boko, kayana sun iso."

Iliyasu ya buɗe ido da ƙyar. "Babbar Kwamfuta ta karɓa?"

"Ta karɓa. Babu komai tsakanina da kai, duniya da lahira."

"Ba ta ce a kashe a sake kunnawa ba?"

Hamma ya yi dariya har ta sarƙe shi, ya kau da kai yana goge fuska da hannun riga. Iliyasu ya ce a gaya wa Fatihu haka ake yi. Daga nan bai sake maganar duniya ba. Ana kiran la'asar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Da liman ya tambayi masu bin bashi a wurin jana'iza, Hamma na sahun gaba, hannuwansa a baya, bai motsa ba.

Bayan sadakar uku ya shimfiɗa tamfol a gefen hanyar kanal ɗin ban-ruwa, ya baje shinkafar. Kwana biyu yana juya ta da ƙafa, yana korar awaki. Da ta bushe ya ɗure ta shi kaɗai, ya ɗinke sha bakwai. Buhu uku da suka rage ba komai a ciki ya kaɗe su, ya ninke, ya kai gindin mangwaro inda Iliyasu ya saba zama da hantsi. Ya shimfiɗa su a nan, ya ɗora dutse kada iska ta ɗauke, ya zauna a gefe.