Sunayen Masu Gona a Waƙar Tattasai

…kuma ga wayar nan a kan tabarma, tana jirana. Haula ta ce in na shirya in ɗaga kai kawai, sai ta danna. Ɗalibar jami'a ce a nan Diffa, ita da 'yan ajinsu ke da fili a rediyo ran Asabar. Sa'ata ce, amma ta iya kallon mutum cikin ido. Ni ko gaban maigida ban taɓa ɗaga murya ba…

Waƙar tsinkar tattasai. Wa ya gaya mata na iya? Hussaina maƙwabciyata mana, bakinta ba ya hutawa a layin famfon sansani.

Wai zaɓe ya matso. Kowace mota da lasifika, kowane ɗan takara da mawaƙinsa, ba wanda ya ambaci bakin kogin Komadugu, inda aka koro mu. Za su sa waƙarmu, sannan su tambayi 'yan takarar: yaushe mutanen nan za su koma gonakinsu? Zan yi. Tun ina wanke tukunya na yanke wannan.

Sai dai Haula ba ta jin Barbarci sosai, ta ɗauka amshi ne kawai. Ba ta san sunaye ne ba. Haka Iya ta koya mana: a bi kogi gona gona, a kira mai ita, mata su yi guɗa — ja, ja, har ido ya yi ruwa… hannun Iya da ba ya jin yaji… Ba a tsallake gona. Tsallake mutum zagi ne.

To waɗancan na daji masu bindiga fa? Su ma suna da rediyo. Liman yana lallaɓawa gonarsa ya yi ban ruwa. Shi ma maigida — ya ce kasuwa ya je, na ga laka a ƙafar wandonsa. In kira su duniya ta ji?

A'a. Waɗanda suka rasu zan kira, su ba abin da za a ƙara yi musu. Masu rai zan bi su rumfa rumfa in ba da haƙuri. Marigayi Alkali mai gonar gindin tsamiya. Gana. Ado da ƙanensa, gona guda… Ashe sun isa waƙa. Sun isa har da saura, ya Allah.

Na ɗaga kai. Ta danna. Na buɗe baki, murya ta miƙe. Alkali… Gana… kogi yana tafiya ina binsa, ga inda ake ɗaure kwalekwale, gaba da shi kuma —

Gonar Ɗalha. Yayana. Tun ranar da aka kwashe samarin ƙauyenmu, ba gawa ba labari. In na kira shi, na binne shi ke nan, kuma Iya za ta ji. In na tsallake, na ce yana da rai. A ina? Tare da su wa?

"Ci gaba, Zara," Haula ta raɗa.

Zan ci gaba. Ai bakina a buɗe yake. Numfashi nake ja kawai… numfashi…