Wardin da Ke Shan Ruwan Alwala

Itacen wardin gidanmu ya girme ni. Kaka Dudu, mahaifiyar Baba, ita ta zo da shi daga tsohuwar tungarsu ta tsibiri, lokacin da ruwan Kainji ya taso aka kwashe mutane zuwa tudu. Wasu turmi suka ɗauko, wasu kaji. Ita kuwa reshe ɗaya ta naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ta riƙe a cinya har jirgi ya kai gaci. Ta dasa shi a bayan ɗakinta, nan Tungar Maliki kusa da Wara, gefen wani faffaɗan dutse. Furensa jaja-jaja ne, cunkushe, idan ya buɗe da hantsi mata masu zuwa gulbi sukan rage sauri a bayan dangarmu don ƙanshi.

Ban taɓa ganin Kaka ta ɗauki guga dominsa ba. A kan dutsen nan take alwala, ruwan ya gangara gindinsa. Sau ɗaya a shekara takan sa wuƙa ta rage rassa. Ni ke cika mata buta tun ina ƙarama, shi ya sa na sani.

Ta rasu shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ce mun zama 'yan Kebbi, bayan an yanke shinkafa. Babana, Malam Illo, manomin albasa ne, garkarsa tana bakin gulbi. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Sai dai ranar da aka tashi zaman makoki ya ɗauko fartanya ya yi wa wardin fangali, irin wanda yake yi wa albasa don ruwa ya tsaya. Guga biyu da safe, biyu da yamma. Ya karɓo kayan cikin kifi wurin masunta ya binne masa taki.

Kafin wata guda ganye ya yi rawaya ya fara zuba. Maƙwabta suka ce itacen na jimamin mai shi. Baba ya ƙara guga na uku.

Na san abin da ke damun wardin, amma ni ba mai magana ba ce. Har na bar makaranta a aji huɗu malaminmu bai gama sanin muryata ba. Na raɗa wa Inna Balaraba a madafa, ta ce in bar bawan Allah da abin da ke sanyaya masa zuciya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba yana cin tuwo ya shaida wa Inna cewa gobe zai tone wardin ya kai shi garka, inda ruwa ba ya yankewa. Taɓon garka ba zai bar shi ya yi mako ba. Kuma babu irinsa a ko'ina, tsibirin da aka samo shi yana ƙarƙashin ruwa.

Na aje tsintsiya na je na durƙusa gabansa. Sunan yankan mahaifiyarsa aka sa mini, Fadimatu, don haka ba ya faɗinsa.

"Mi ya faru, Uwani?"

"Baba, wardin nan ba albasa ba ne."

Loma ta tsaya a hannunsa. Inna ta yi tarin da ba na mura ba.

Na roƙe shi ya zo ya gani. Na sa hannu na tona gindin, ruwa ya ɓulɓulo da warin ruɓa, na zaro saiwa ɗaya baƙa, ta yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa. Na gaya masa yadda Kaka ke yi. Ya tambaye ni ta yaya abu zai rayu da ruwan buta, alhali albasa in ta kwana ba ruwa sai ta kwanta. Na ce shekara ashirin da uku ya yi a haka.

"To in ya mutu a hannunki fa?"

"Ba zai mutu ba. Ka ba ni zuwa hawan baƙin ruwa, in gulbi ya sake cika da ɗari."

Ya dube ni, sannan ya yi dariyar da ban ji ba tun rasuwar.

"Balaraba, kin ji ko? Uwata ta dawo, har da faɗanta."

Ya zaro wuƙarsa ya miƙo mini.

Na fasa fangalin, na kwashe ruɓaɓɓen takin, na cuɗa ƙasar da yashi da tsakuwa. Rassa uku kaɗai na bari, su ma na datse su kamu ɗaya-ɗaya. Inna ta leƙo ta ce na yi masa askin suna. Kwana uku ban ba shi ko ɗigo ba. Daga nan na mayar da alwalata kan dutsen Kaka.

Mako biyu sanduna uku ne kawai a tsaye. Wata safiya na fito na tarar da Baba riƙe da guga a kansu. Na tsaya ina kallonsa. Sai ya juya ya zuba wa awaki, yana cewa dama nasu ne.

Toho ya fito jajir a mako na uku. Lokacin da baƙin ruwa ya hau har ya taɓa turakun da ake ɗaure jirage, wardin ya yi ganye, da kawunan fure bakwai. Ranar da na farko ya buɗe, Baba ya sunkuya ya shinshina. Bai tashi da wuri ba. Garka ma sai da rana ta yi zafi ya tafi.

Da azahar na zo da butata na iske shi zaune a kan dutsen da tasa, ya naɗe hannun riga. Na durƙusa na gaya masa ruwan mutum ɗaya ya ishi wardin. Ya ce a raba alwalar salloli biyar, uku nasa biyu nawa. Na ce hannunsa ya saba da guga, butarsa ma ta fi tawa girma.

"Ko asuba kaɗai, Uwani?"

Na bar masa asuba, amma da butar Kaka, wadda ba ta kai rabin tasa ba. Ya tashi ya ba ni dutsen.