Maɗacin Rakiya

Hauwa ta zo daga Yelwa da gizago a cikin buhu, ta ajiye shi gaban mahaifinta.

Maliki yana zaune a gindin maɗacin ƙofar gidansa, inda yake yini tun da ya daina fita kamun kifi. Bai taɓa buhun ba.

Da kaka likita a Sakkwato ya haska cikinsa, ya ce kitse ya lulluɓe hantarsa. Ya hana shi man shanu a tuwon shinkafa, ya hana shi kitsen kifi. Maliki ya bari, bai yi wa kowa ƙorafi ba. Amma nauyin da ke ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama yana nan.

"Baba, mai magani ya ce a sassaƙo maɗaci gabas da yamma, a jiƙa ka riƙa sha. Ya ce har a jami'a ana gwada irinsa."

"Sun gama gwadawa?"

"Ba su gama ba."

"To."

Ya dubi itacen. Matarsa Rakiya ce ta ɗauko shi yana ɗan tsiro, cikin fasasshiyar tukunya, shekarar da ruwan Kainji ya ci tsibirinsu. Kowa na loda tabarmi da awaki, ita tana rungume da tukunya. Bara ta rasu. 'Ya'ya sun watse birane. Sauran maɗatan yankin duk sun zama jiragen ruwa.

Masu zazzaɓi da ciwon ciki sun daɗe suna zuwa sassaƙar ɓawonsa, Rakiya kuwa ba ta iya hanawa. Kowa gabas da yamma, kowa ya sara a bakin saran wani, har raunukan biyu suka haɗu ta arewa. Ta kudu saura ɓawo faɗin tafin hannu. Duk ranar da aka cire shi, itacen zai bushe.

"Ɗan kaɗan zan ɗiba," in ji Hauwa.

"Kaɗan ɗin ne ya rage."

"Baba, itace ne fa. Da Inna tana nan, da kanta za ta sara maka."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya dafa gefen cikinsa, ya jira nauyin ya lafa. Can bakin tafki ana jan jirage tudu, ba wanda ya waiwayo wajensu. Gobe Hauwa za ta bi motar Yelwa.

Ya tura buhun da ƙafa.

"Mayar da gizagonki. Ba za a sara ba."