Gaisuwar Misbahu

Kaskon farko bai gama soyuwa ba Inna Batulu ta ji muryar yaron maƙwabta tana fitowa daga rediyonta. Ta aje matsami, ta ƙara ƙarar da hannunta mai maiƙo. Masu jiran ƙosai a kan bencin ƙofar gida suka kasa kunne.

Shirin matasa ne na safiyar Asabar, wanda ake bugo waya kowa ya faɗi damuwarsa. Mai gabatarwa ya tambayi sunan mai magana.

"Bar sunan dai, Malam. Ka ce wani matashi daga ƙasar Mafara."

Ko cikin kasuwar Talata Batulu ta ji wannan muryar sai ta tsince ta. Misbahu ne, ɗan Malam Hayatu, wanda katanga ɗaya ta raba gidansu da nata. Tun da uwarsu ta rasu ita ce ta yi musu wanka, shi da ƙanwarsa Raliya, ita ce kuma ta zane su duk ranar da suka tsokano.

"Abin da ka damuna," in ji muryar, "kullum cewa akai mutanen daji, mutanen daji. To su mutanen dajin, rijiyar mai gare su? Gidan burodi gare su? Wa ka kai musu? Masu kai musu da su muke salla sahu guda. Su ka hwaɗa musu wane ya tahi gona, wane ya sai da sa. An hana mu noma, ƙannenmu mata sun bar makaranta don tsoron hanya, in mun buɗe baki dattawa su ce mu yi kurum. Mun yi kurum har munka binne abokanmu. Kurum ɗin mi ta tsinana muna?"

Mai gabatarwa ya yi gyaran murya, da ji ka san maganar ta fi ƙarfin shirinsa. Ya yi godiya da sauri, sannan ya yi tambayar da yake yi wa kowa kafin a aje waya: "To wa za ka gaida?"

A ƙasar nan ba a shiga rediyo a fita ba a gaida kowa ba. Rashin tarbiyya ne. Mutum ko kukan yunwa ya bugo ya yi, sai ya gaida iyaye da abokan arziki da mai shayin unguwa. Batulu kuwa ta shekara da shekaru tana yi wa Misbahu gori a kan wannan. Ɗiyan kowa na gaida su a rediyo, ita tata wahalar ta tashi a banza.

Misbahu ya yi 'yar dariya. "Ina gaida Inna Batulu mai ƙosai ta bakin famfo. Ta ce ban taɓa gaishe ta ba. To Inna, yau kin ji."

Batulu ta rangaɗa guɗa, da girmanta da komai. Ta ji kanta ya kumbura kamar an naɗa ta sarauta.

Cikin masu jira akwai Mas'ud, mai sayar da fetur a galan a bakin titi, mutum mai fara'a da yawan gaisuwa. Ya ce, "Inna, wane ɗan albarka na wanga?"

"Misbahu mana! Na Malam Hayatu, mai albasa can bakin kwatar ruwa ta Bakolori. Ni na goya shi!"

Sai da ta gama faɗa ta lura ba wanda ya taya ta dariya. Wani tsoho ya karɓi ƙosansa ya tashi ko yaji bai tsaya an zuba masa ba. A nan ne ta gane abin da bakinta ya tona.

Da la'asar ta leƙa ta ƙaramar ƙofar da ke jikin katangarsu. Misbahu na zaune yana ɗinke buhunan albasa da suka yage, Raliya na wanke-wanke. Malam Hayatu na kwance a rumfa da ƙafarsa mai ciwo, ya juya wa kowa baya. Dattawan unguwa sun zo sun tafi, sun bar masa maganganu masu nauyi.

"Misbahu, tashi ka haɗa kayanka," in ji Batulu. "Ka tahi Bakura wurin ƙanena, ka zauna can har ƙura ta lahwa."

"Inna, ko gaisuwa babu? Ni da na gaishe ki duniya na ji?"

"Ba wasa na kawo ni ba, ɗan nan. Ka ɓoye sunanka, ni na tona shi. Da bakina, gaban mutane."

Ya aje allurar buhu ya dube ta. "Ke ba ki yi komi ba. Ni na ambace ki. Wa bai san Inna Batulu ta bakin famfo ba, wa bai san ɗiyan da ta rena ba? Ko kin yi kurum an gane."

"To ka tahi."

"Ina tahiya. Amma albasa ta nuna, ganye ya kwanta, na yanke mata ruwa. In na bar ta cikin ƙasa, ko ta ruɓe ko a kwashe. Ita ta abincin gidan ga na shekara, kin ko ga ƙahwar Baba. In cire ta, in shanya, in kawo gida, sai Bakura."

Batulu ta yi magiya, ta yi faɗa, har ta yi kuka. Ya bar ta ta gama, sannan ya tambaya ko ta aje masa gutsattsarin ƙosai. Tun yana yaro ba ya son manyan, sai 'yan ƙananan nan da ke zubewa cikin mai su soyu ƙarau. Kullum tana tsame masa su a wani ɗan kwano mai murfi. Ta kawo masa, ya cinye yana tsokanar Raliya, ita kuwa Batulu ta koma gida zuciyarta ba daɗi.

Cikin kwanakin da suka biyo baya Misbahu ya yi suna. Samari suka naɗi maganarsa a waya suna tura wa juna, daga Jangebe har Maradun, kowa na cewa yaron nan namiji ne, ya faɗi abin da ke cikin kowa. A waya ke nan. A fili kuwa, in ya nufo majalisa sai kowa ya tuna da wani aiki da ya bari a gida. Waɗanda suka yi masa alkawarin gayyar cire albasa suka zame ɗaya bayan ɗaya: wannan zazzaɓi, wancan an aike shi Garbadu. Batulu na kallon wannan duka daga bakin kaskonta, tana jin haushin garin gaba ɗaya har da kanta.

Shi kaɗai ya riƙa fita gona. Aikin da gayya za ta gama a wuni guda ya ja masa kwanaki.

Ranar Alhamis ya biyo ta ƙofarta da sassafe, buhuna ɗaure a bayan keke. Ko wuta ba ta gama kamawa ba.

"Ba ni jira yau, Inna, rana ka yi min. Ki aje min nawa, in na dawo in ci."

Wajen azahar aka kawo shi a amalanken shanu, kwance a kan buhunan da ya ɗinke, an rufe shi da zanen wata mata. Manoman da ke kusa suka ce mutane ne a kan babura, ba su tambayi kowa waya ko dabba ba. Abu ɗaya suka tambaya: "Wane na Misbahu mai rediyo, na Malam Hayatu?" Albasar tana nan a shanye jere-jere, ko ɗaya ba su taɓa ba.

Batulu ta zauna a ƙasa. Kalmomin nata ne. Haka ta jera su a bakin kasko, tana guɗa.

Aka yi masa sutura kafin la'asar. Wurin zaman makoki maza suka cika ƙofar gida, har da duk waɗanda zazzaɓi ya hana su zuwa gayya. Ta cikin zana Batulu na jin abin da ake cewa bayan kowace fatiha: kwana ya ƙare, amma dai yaro ya yi gangancin baki. Mas'ud ma ya zo, ya durƙusa gaban Malam Hayatu, addu'arsa ta fi ta kowa tsawo. Batulu ta dube shi, ta dubi sauran da suka zauna kan bencinta ranar Asabar ɗin nan. Ba ta da shaida a kan kowa cewa shi ya kai sunan daji. Wataƙila shi ne, wataƙila wanda ya ji daga wanda ya ji. Wannan rashin sanin ya fi komai cin ta.

Raliya ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Bayan an share makoki Batulu ta same ta a bayan ɗaki, riƙe da wayar yayanta mai fasasshen gilashi.

"Mi za ki yi da ita?"

"Abin da ya yi, Inna."

"Raliya, na haɗa ki da Allah. Ke kaɗai ta rage ma tsohon ga. Ba ki ga abin da magana ta jawo ba?"

"Na gani. Su Rilwanu hwa, da anka kashe bara suna yankan shinkahwa, mi sunka ce? Ba su ce komi ba. Wanda ya yi magana an kashe, wanda ya yi kurum an kashe. Gara a san mun yi magana." Ta sa wayar cikin hijabi. "Kada ki damu, Inna. Ni ba ni gaishe ki."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Duk da haka Batulu ta ji kamar an watsa mata man kasko a ƙirji.

Asabar ta zagayo. Batulu ta hura wuta don ba ta da wata sana'ar, amma ta bar rediyon a kashe a kan taga. Mas'ud ne ya miƙa hannu ya kunna, wai zama ya yi shiru da yawa.

Bayan mutum biyu sun yi kukan rashin taki sun gaida 'yan uwa, sai ga muryar mace, siririya, ba rawa a cikinta. Ba ta faɗi suna ba, ba ta faɗi unguwa ba. Ta ce an kashe wani saurayi a gonarsa don ya faɗi gaskiya, kuma waɗanda suka nuna shi sun zo sun yi masa fatiha. Ta ce 'yan mata na nan zaune a gida littattafansu na cin ƙura. Ta ce su matasa ba za su daina faɗa ba, in an rufe baki ɗaya akwai wani.

Don bai san wata hanyar rufe magana ba, mai gabatarwa ya ce, "To... wa za ki gaida?"

"Ba ni gaida kowa."

Wayar ta katse. Mas'ud ya karkace kai yana murmushi.

"Wagga murya kamar na san ta. Inna, ke da kin san ɗiyan unguwar ga kaf, ɗiyar wa ta?"

Batulu ta juya ƙosai ɗaya, ta juya na biyu. Yarinyar da ta yi wa wankan jego tare da uwarta, ta yi mata kitson farko, ta raka ta makaranta ranar farko.

"Ban san ta ba," in ji ta. "Ba ta nan ba ta."

Ta sallami kowa ba tare da ta ɗaga kai ba. Da benci ya watse ta sa matsami ta tsame 'yan gutsattsarin da suka soyu ƙarau, ta zuba a ɗan kwanon nan, ta rufe. Sai da ta kai bakin ƙaramar ƙofar katanga ta tsaya. Ta aje kwanon a ƙasa, jikin bango, ta koma ta janye itace daga murhu.