Tocila a Aljihun Tela

Tela ya tura ƙofar shagon da kafaɗa, kyamara rataye a wuyansa, hannunsa na dama cikin aljihu yana matse da ƙaramar tocila. Asabar ce, ranar da 'yan ƙungiyar ɗaukar hoto ke taruwa a nan suna shafa kayan da matansu suka hana su saya. Wata uku ke nan yana jiran wannan Asabar ɗin.

Mai shagon, wani kakkauran mutum mai bakin zuma, ya hango shi ya washe haƙora.

"A'a, Tela! Ka ɓuya. Ya iyali?"

"Lafiya," in ji Tela, ya nemi kusurwa kusa da ƙafafun kyamara ya jingina.

Shi dai Tela ɗinki ne sana'arsa, hoto kuwa sha'awa ce da ta kama shi da girma. Ya daɗe yana lallashin mahaifiyarsa ta bari ya ɗauke ta, tana cewa ita ba 'yar fim ba ce. Ran da aka sallamo ta daga asibiti ta ce, "To, zo ka ɗauka ka huta." Da gudu ya zo shagon nan ya sayi idon kyamara, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba, na hannu ne amma an ce ya fi fitar da fuska. Akwai baƙar filta ɗaure a bakinsa, mai shago ya ce kyauta ce, kada ma ya cire, tana kare gilashin. Tela ya yi ta godiya kamar an ba shi kujerar Makka.

Inna ta zauna a baranda, ta gyara ɗankwali, har da murmushi. A ɗan allon kyamara komai ya yi daidai. Kwana tara bayan nan ta rasu. Da aka wanko hoton babba, sai ga fuskarta dishi-dishi, kamar an hura hayaki a kai. Wani tsohon mai gyara ne ya kwance filtar, ya haska tocila ta bayan gilashin, ya nuna masa funfuna shimfiɗe a ciki kamar saƙar gizo. Ya ce duk mai sayen na hannu haka yake dubawa, kuma wanda ya ɗaura baƙar filta a nan ya san abin da yake ɓoyewa.

Tun ranar Tela bai huce ba. Ko keken ɗinki yake takawa, mutumin nan yake gani a bakin allura. Ya rantse sai ya tsinka shi gaban manyan masu saye, ya ɗauki fuskarsa a lokacin, ya watsa wa 'yan ƙungiya kowa ya san shi.

Can sai ga Likita, shugaban ƙungiyar, wanda in ya yaba kaya kowa ya saya. Mai shago ya fito masa da wani dogon idon kyamara daga cikin kwali, yana riƙe da shi kamar jinjiri.

"Ranka ya daɗe, wannan sau biyu kacal aka ɗora shi a kan kyamara. Ga filta ma na bar maka kyauta."

Baƙa ce. Tela ya ji wani daɗi mai ɗaci. Ya matso.

"Likita, ara mini in gani."

"Kai Tela, wannan ba zare ba ne," in ji mai shago yana dariyar yaƙe. "Kar ka kwance, ƙura za ta shiga."

"Bar shi ya duba mana," in ji Likita.

Tela ya murɗe filtar a hankali, da gangan, ya ajiye ta a kan kantar shagon. Ya ɗaga gilashin, ya kunna tocila ta baya. Mutum shida suka miƙo wuya. Ga funfunar nan, fara sol, ta yi rassa daga gefe har tsakiya.

Wani malamin makaranta ya zuge jakarsa ya ciro nasa da ya saya makon jiya, ya ce, "Tela, haska mini wannan ma." Aka haska. Akwai.

"Wallahi ban sani ba," in ji mai shago, gumi na bin wuyansa. "Haka aka kawo mini su. Tela, ɗan'uwana, kawo naka in canza maka yanzu-yanzu."

Tela ya zaro hoton Inna daga rigarsa ya shimfiɗa a kan kanta.

"Ita ma za ka canza mini?"

Likita ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ɗauki makullin motarsa ya fita, sauran suka bi shi. Mai shago ya tsaya baki buɗe. Wannan fuskar Tela yake nema. Ya ɗaga kyamara, ya saita, ya danna sau uku.

Sai da ya zauna a bas ya samu numfashinsa ya daidaita. Ya kunna allo, ya jawo hoton ya ƙara masa girma don ya more. Ga kanta, ga inuwar kwalaye, ga wani kakkauran abu a tsaye. Fuskar kuwa hayaki ne kawai, ko uwar da ta haifi mutumin ba za ta shaida shi ba. Garin zumuɗi Tela ya manta idon nan mai funfuna ne a kan kyamararsa.

Matar da ke gefensa ta leƙo ta ce, "Bawan Allah, wane ne wannan?"

Tela ya kashe allon, ya laluba aljihu ya ji wayarsa tana nan, ita ma ai tana ɗaukar hoto. Ya ƙwanƙwasa jikin bas.

"Direba, akwai sauka."