Barau a Hanyar Tudu

A shekarar da annoba ta share shanu, fari kuma ya biyo bayanta, akwai wani ƙaramin gari tsakanin Ajingi da Gaya da ake kira Kukar Ruwa. Abin da ya riƙe garin shi ne tafkin da ke gabas da shi. Hanyoyi biyu ne suka kewaye tafkin. Ta ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi mai laushi a inuwar kanya da giginya, ita mata ke bi da tulunansu, tsofaffi ma kan bi ta da yamma su miƙe ƙafa. Ta tudu kuwa sai an yi haki. Akwai hawa, akwai saiwoyi a waje, akwai wani kwazazzabo da ruwan damina ya yanka. Amma ita ce ke fitar da mutum kan babbar hanyar Gaya.

Barau ya bi su duka tun yana yaro, bai taɓa ɗaukar su a bakin tafiya ba. Falke ne, ya sha kora jakuna har Gwanja ya dawo da goro. Sai ga shi wata safiya ya idar da salla zai miƙe, ɓarin jikinsa na dama ya ƙi. Baki ya karkace, hannu ya saki, ƙafa ta zama kamar ta aro.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansa ɗaya ne, Garba. Da rumbu ya kusa ƙarewa, Garba ya kora sauran jakunan zuwa Gaya don ya musanya su da gero, ya ce da kasuwa ta tashi zai dawo. Kasuwa ta ci ta watse, ta sake ci ta watse, babu Garba babu labarinsa. Gidan ya rage daga Barau sai Madina, matar Garba, 'yar Kademi, wadda ba ta daɗe da tarewa ba.

A da, Madina ko fuskar surukinta ba ta iya kallo. Takan ajiye masa akushi a bakin zaure ta koma da sauri. Yanzu ita ke tallafa shi ya zauna, ita ke ba shi kunu a baki, ita ke goge abin da ya zubo a gemunsa. Duk lokacin da ta yi haka sai ya juya ido ga bango, ita kuma ta sunkuyar da kai.

Maikuɗi wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, ya ce iyakar abin da ya sani ke nan, sauran magani sai tafiya. In ƙafar ta tuna da ƙasa, to; in ba ta tuna ba, sai haƙuri. Ranar ce Barau ya kira Madina, da harshensa mai nauyi, ya ce ta sassaƙo masa sanda.

"Zan je Gaya," in ji shi. "Ni na san inda ake neman mutum a garin nan."

Ba ta musa masa ba. Ta samo reshen aduwa ta kankare ƙayoyin.

Suka fara da hanyar ƙasa. Da farko daga bakin gari zuwa kanya ta fari kawai yake iyawa, sanda a hagu, Madina ta tare shi ta dama, ƙafar na jan layi a rairayi. Mata masu ɗiban ruwa sukan ratse su ba su hanya, wasu su yi musu sannu, wasu su rufe baki da gyale. Madina ta ji an ce ta zubar da kunya, ta kuma ji an ce Allah ya saka mata. Duka biyun ba su ƙara mata ko tsabar gero ba.

Sannu a hankali ya kai giginyoyin, daga baya ya wuce su. Amma kullum suka fito sai su tarar ruwan ya ƙara ja da baya. Inda yara ke wanka a da ya zama taɓo, taɓon ya bushe ya tsattsage. Madina takan zaunar da shi a gindin itace ta shiga laka har gwiwa tana tonon bado, shi za ta dafa musu. Da bado ya ƙare aka koma muruci. Gidaje suka fara zama kango, mutane na ɗaure kaya suna yin yamma, wasu kudu.

A cikin haka ne yayanta Inuwa ya zo daga Kademi. Ya gaida Barau a zaure, sannan ya shiga ya same ta. Ya ce su ma can ba daɗi ake ji ba, amma rijiyarsu ba ta ƙafe ba, kuma mahaifiyarsu ba ta barci saboda ita. Ya ce ta ɗauko kayanta.

"Yaya, in na tafi wa zai ɗaga shi?"

"Ɗan da ya haifa ma bai tsaya ya ɗaga shi ba."

Ta ce ba a san abin da ya tsare mutum a hanya ba. Inuwa ya daɗe yana kallon wuyanta da ya zama kamar sillen kara. Ya ajiye mata ɗan ƙunshin dawa ya tafi, ya ce zai sake zuwa.

Da Barau ya iya kewaye tafkin ta ƙasa ba tare da ya zauna ba, sai ya ce gobe tudu. Hawan ya ba shi wuya fiye da yadda suka zata. Saiwa takan kama yatsunsa, shi bai ji ba, sai dai ya tafi gaba ɗaya. A kwazazzabon ya faɗi ya fasa goshi, Madina ta rasa yadda za ta fito da shi, ta zauna kusa da shi a cikin ramin tana kuka har wani mai itace ya zo wucewa ya taimaka. Ya kwanta kwanaki, ya tashi ya ce a koma. Daga baya ya gano dabara: ya zauna ya ja gindi ya sauka, ya rarrafa ya hau ɗaya gefen. Mutumin da ya ƙetare manyan koguna da kaya a kai, ga shi yana rarrafe a gaban matar ɗansa. Ita takan juya baya har sai ta ji ya ce ta miƙo sanda.

Ranar da suka kai kan babbar hanya, ya tsaya yana kallon yadda ta miƙe yamma har ta ɓace cikin sabara. Shi da ita duk sun san ba zai iya kai wa Gaya ba, ko da shekara zai yi yana gwaji.  Ya zauna a gindin wata tsamiya, ya ce a nan za su riƙa jiran masu wucewa.

Haka suka yi ta zuwa. Duk wanda ya fito daga yamma sai Barau ya tare shi da tambayar Garba, in ba a gane maganarsa ba Madina ta maimaita: dogo ne, da tabo a haɓa, yana kore da jakuna. Wasu su girgiza kai, wasu ko tsayawa ba sa yi.

Wata rana da hantsi sai ga Ari mai kanwa, tsohon abokin fataucin Barau, ya fito daga Gaya da jakinsa. Da ya gane wanda ke zaune, ya sauke kayansa ya durƙusa ya riƙe hannun da ya mutu. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Barau ya tambaye shi labarin Garba. Ari ya kalli Madina, ya kalli ƙasa, ya fara zancen tsadar hatsi. Barau ya ce ya bar kewaye-kewaye, in mutuwa ce ya faɗa.

"Ba mutuwa ba ce," in ji Ari. "Na gan shi da idona, lafiyarsa ƙalau. Jakunan ba su yi daraja ba, abin da ya samu bai kai ya riƙe ku wata guda ba. Ya ce ba zai iya dawowa ya zauna yana kallon ku kuna ƙarewa ba. Ya bi ayarin da ya yi Borno. Ya ce in na biyo ta nan in roƙe ka gafara."

"Ita fa?" Barau ya nuna Madina da haɓa.

Ari ya ce bai ba shi saƙon kowa ba sai wannan.

Madina ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta karkaɗe zaninta ta tsaya can gefe. Ari ya ɗora Barau a kan jakinsa ya kai shi har gida, ya bar musu ɗan abin da ya sawwaƙa, ya wuce.

Tun daga ranar Barau bai ƙara fita ba. Ta kawo masa sandar ya ce ta sa a murhu. Ƙafar da ta fara jin ƙasa ta koma yadda take, ɗayar ma ta fara kumbura. Da Inuwa ya dawo, Barau da kansa ya sa aka kira liman da Maikuɗi, ya ce su shaida, yarinyar nan ba ta da sauran haƙƙin kowa a kanta, a san yadda za a warware mata igiyar auren. Madina ta ce ba inda za ta. A nan ne ya ɗaga kai ya dube ta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"'Yar nan, in kin zauna, duk lomar da kika ba ni taki ce na ci. Ki bar ni in tafi da nawa nauyin kaɗai."

Maikuɗi ya ce zai riƙa leƙo shi safe da yamma. Inuwa ya ɗauki ƙunshin kayanta ya yi gaba. Ta durƙusa a bakin zaure ta ce Baba ya yafe mata, ya ce babu abin yafewa, Allah ya yi mata albarka.

Ba a yi wata biyu ba wani mai tallan gishiri ya kawo labari Kademi cewa Maikuɗi ma ya kwashe iyalinsa ya yi Ajingi, liman ne ya tarar da Barau a zaure ya rasu, kuma mutanen da suka rage a garin ba su cika sahu ɗaya ba a sallar gawar. Madina na tsakar gida tana tsince dawa lokacin da Inuwa ya shigo ya gaya mata. Ta tambaye shi ko an san kwana nawa ya yi shi kaɗai kafin a gan shi. Inuwa ya ce mai gishirin bai sani ba.